Haruffa Biyun Da Ake Ɓoye Wa Inna

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun da sassafe kuna "ina ci gaba, ina ci gaba", duk na gan ku. Ke kuma da kika ce in na sake barin Inna cikin zullumi za ki fice daga gurup, nemi wuri ki zauna, na riga na kulle ƙofar. Bismillah.

*

Inna ta buɗe akwatin, ta rufe, ta sake buɗewa.

Ba abin da take nema a ciki. Zannuwan nan tun jiya ta linke su, ta ware na kowa gefe guda a kan gado. Ta zauna a bakin gadon, zaman bai yiwu ba. Ta miƙe ta leƙa taga, ba kowa a titi sai mai gyaran takalmi yana gyangyaɗi. Ta dawo ta gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Daga kicin ƙarar injin markaɗe ke tashi. Malama ce, matar babban ɗanta, take ta niƙa kayan marmari tun da ta taso daga makaranta, sai ka ce an ce mata gidan ya koma shagon sayar da lemo.

Tun ranar da aka kwashe su zuwa asibiti, ita da Autanta, gidan ya sauya. Ita jiri ne ya kai ta, shi kuwa ciwon cikin nan nasa da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Aka ɗebi jininsu, aka yi musu hoton ciki, aka ce a dawo karɓar sakamako. Manaja, babban ɗanta, shi ya koma ya karɓo, don likitan abokin karatunsa ne. Ya dawo ya ce Auta olsa ce, a daina ba shi yaji. Inna kuma hawan jini ne ya ɗan taɓa ta, ba komai.

Ba komai?

Ba komai ɗin ne ya sa Manaja, mutumin da sai ya kwana biyu bai leƙo ba, yanzu kullum motarsa na ƙofar gida? Ba komai ɗin ne ya sa Lauya, 'yarta mai baki kamar reza, ta koma magana a sanyaye? An hana mai a gidan, an hana yaji, gishiri ma sai an auna. Kowa ya shigo da leda a hannu yake shigowa, ya fita da ido jajir.

Sai kuma Turanci.

Su 'ya'yan Inna haka suka taso. In suna son ɓoye mata abu, sai su juya harshe a gabanta, su yi ta zuba Turanci kamar ita kujera ce a ɗakin. Tun suna yara suke yi, in an fasa fitila ko an faɗi jarrabawa, ita kuwa ba ta taɓa damuwa ba, don ƙarshenta dai fitilar za ta gani a fashe. Amma wannan karon ko a cikin Turancin akwai kalmar da suke tsoro. In sun zo kanta sai su rage murya, su faɗi haruffa biyu kawai.

CA.

"Si-E," haka kunnenta ya riƙe. Ta ji a bakin Manaja a baranda. Ta ji a bakin Lauya tana waya a bayan ƙofa. Inna ba ta yi boko ba, amma ai ba jiya aka haife ta ba.

Shekaranjiya ta tare Manaja yana shirin shiga mota.

"Manaja, mene ne CA?"

Ya tsaya da makulli a hannu. "A ina kika ji, Inna?"

"A bakinka."

"Au... ai maganar wurin aikinmu ce. A banki haka muke kiran asusun 'yan kasuwa a taƙaice."

"Shi ne yake sa ka share ido da hankici?"

"Mura ce, Inna."

Ya shige mota ya ja, har ya manta bai yi mata sallama ba.

To yau ta gaji. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta nufi kicin.

Malama na ganinta ta kashe injin, ta ɗan rusuna.

"Sannu Inna. Ai da kin kira ni, ba sai kin taso ba."

"Ƙafata ba ta mutu ba tukuna, 'yar nan."

Saura kaɗan kofi ya suɓuce daga hannun Malama. Inna ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Tambaya ce da ni. Ku 'yan boko, in an ce CA, me ake nufi?"

"CA?" Malama ta ajiye kofin. "Ai gwaji ne, Inna. Wanda muke yi wa yara a aji kafin babbar jarrabawa. Maki ake tara musu da kaɗan-kaɗan. Ga takardun can ma a jakata, ban gama dubawa ba."

"To. Ashe gwajin yara ne."

"Shi ne, Inna."

"Ba na banki ba ne?"

Malama ta kau da kai.

"Mijinki ya ce min na banki ne."

"E to... akwai na bankin ma."

"Wanne kuke yi wa kuka? Na bankin ko na yaran?"

Malama ta rasa inda za ta sa kanta. Sai kawai ta danna injin markaɗen, ya hau ihu, alhali ba komai a cikinsa.

Inna ta juya ta koma ɗaki. Ta lalubo ƙaramar wayarta a ƙarƙashin matashi, ta danna lambar da aka saita mata ta Lauya. Ƙara ɗaya aka ɗauka.

"Inna! Lafiya? Jirin ne? In taho?"

"Kwantar da hankalinki, ƙalau nake. Kina kotu?"

"Yanzu na fito."

"Mene ne CA?"

Ita Lauya ba ta yi in-ina ba, sana'arta ce. "Kotun Ɗaukaka Ƙara ce, Inna. In an yanke wa mutum hukunci bai gamsu ba, can yake kai kukansa."

"In can ma aka ce hukuncin ya tabbata fa?"

Lauya ta rage murya. "Akwai wata a gaba da ita."

"Daga ita kuma sai ta Allah."

"Inna..."

"Je ki yi aikinki."

Kafin ta kashe wayar ta ji jan hanci.

Kun ga kuskuren 'yan boko? Sun zauna sun haɗa baki a kan za a ɓoye wa tsohuwa, amma ba wanda ya tuna a haɗa baki a kan ƙaryar da za a yi mata. Da ta matsa, kowa ya zura hannu a aljihun sana'arsa ya zaro abin da ya samu. Mai banki ya ce banki, malama ta ce aji, lauya ta ce kotu. Wataƙila ma duk gaskiya suka faɗa, haruffan suna da waɗannan ma'anoni. Sai dai in mutum uku suka ba ka amsa uku a kan tambaya ɗaya, to ka san akwai ta huɗu, kuma ita ce ake gudu.

Inna ta ji tsoro. Gaskiya ta ji tsoro. Ba mutuwar ce kaɗai ke razana ta ba, kowa ai da ranarsa. Abin da ke cin ta shi ne a bar ta tana tafiya a makance. Tana da 'yar'uwa da suka yi shekaru ba sa ga maciji, tana son ta nemi gafararta da ƙafarta, ba a kan gado ba. Tana da Auta da bai ajiye iyali ba. In lokaci ya ƙure, ai gara ta sani ta shirya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ta sake miƙewa. Ta sake zama.

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida.

"Ina tsohuwar gidan nan? Ko an sace min ita?"

Auta ke nan. Mai gyaran firiji ne, kullum da jakar kayan aiki a kafaɗa da baƙin mai a farce, kuma in bai tsokani mutum ba abinci ba ya wuce masa. Ta ji shi ya leƙa kicin.

"Matar Yaya, yau ma ruwan ganye za a ɗura mana? Wallahi ni da Inna mun kusa fara kukan akuya."

Malama ba ta rama ba, ita da kullum sai sun yi.

"Auta," Inna ta kira. "Zo nan. Turo ƙofar."

Ya shigo yana murmushi, ya ajiye jakar. Idonsa ya sauka a kan zannuwan da aka jera a gado.

"A'a, Inna, tafiya za ki yi ba sallama? Ko miji kika samu ba mu sani ba?"

"Zauna."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, yadda ya saba.

"Kai kaɗai ne ban tambaya ba. In ka yi min ƙarya, ban yafe ba. Mene ne CA?"

Ya kwashe da dariya. "Wannan ai mai sauƙi ne. Ci Abinci! Ki ci abinci, Inna, shi ke nan fassarar."

Ba ta yi dariya ba.

Dariyarsa ta ragu da kanta. "Wai da gaske kike? Wa ya ce miki CA?"

"Yayyenka. Kullum shi suke faɗa a kaina, cikin raɗa. Ba ka taɓa ji ba?"

"Ni? Ni da na shigo suke yin tsit. Na zaci gulmata suke, don na ƙi yin aure." Ya zaro waya daga aljihu. "Bari mu tambayi wadda ba ta jin kunyar kowa."

Ya danna, ya shafa gilashin da yatsa.

"Kai! Inna, abin ai da yawa. Haruffa biyu sai ka ce motar haya, kowa ya shiga. Ga wata jiha a Amurka."

"Ba ni da kowa a can."

"Ga sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, wanda ke cikin madara."

"Wuce."

"Ga babban akanta mai takardar shaida. Ga ƙasar Kanada, in a adireshin intanet ne. Ga asusun banki..."

"Na Manaja ke nan."

"Ga gwajin 'yan makaranta."

"Na matarsa."

"Ga kotu."

"Na Lauya. Duk an ba ni waɗannan. Nemo min na asibiti."

"Na asibiti kuma?"

"Nemo."

Ya sake dannawa. Yatsansa na tafiya, na tafiya, sai ya tsaya cak.

Inna ba ta kalli wayar ba, me za ta gani a ciki? Fuskarsa ta kalla. Labarin zuciya a tambayi fuska.

"Karanta."

"Sabis ne ya ɗauke, Inna."

"Auta."

"Wallahi wayar nan tun safe take..."

"Auta, har da kai?"

Nan ta karya shi. Ya kifa wayar a cinyarsa.

"Likitoci ne ke rubuta shi. In ba sa son mara lafiya ya gane." Ya ja numfashi. "Ciwon daji, Inna. Kansa."

A kicin, ƙarar injin ta ɗauke.

Abin mamaki, sai Inna ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta. Tsoron yana nan, bai je ko'ina ba, amma yanzu ta san sunansa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta faɗa a hankali. "To, Alhamdulillahi. Yanzu na sani."

"Alhamdulillahi?" Auta ya miƙe zumbur. "Uwata ce fa! A cikin gidan nan nake kwana, ni nake kai ki bayi in jiri ya kama ki, amma ni za a ɓoye wa? Don ni ne ƙarami? Har yaushe zan girma a gidan nan?"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba!"

Ya danna waya, ya kara a kunne, yana zagaye ɗakin.

"Yaya, ka zo gida yanzu. Ka biya ka ɗauko Yaya Lauya... A'a, ba anjima ba, yanzu... Mun san mene ne CA."

Bai jira amsa ba.

"In ba ku zo ba," Auta ya ci gaba, "zan goya Inna a babur in kai ta wurin abokin nan naka likita, ya faɗa mana da bakinsa."

Ya kashe.

*

Rana ba ta gama yin sanyi ba motar Manaja ta tsaya a ƙofar gida, tayar gaba a kan dakali. Ya shigo da rigar aiki, wuyan a buɗe. Lauya na biye da shi, ko baƙar rigar kotun ba ta tsaya ajiyewa ba, tana rataye a hannunta.

Inna na zaune a kujerarta ta falo. Auta na tsaye a bayanta, ya harɗe hannu. Malama ta raɓe a bakin ƙofar kicin.

Abin da Manaja ya fara yi shi ne kallon Auta. Kallo mai tsawo. Sannan ya kalli Lauya, ya buɗe baki da Turanci.

"Kul!" Inna ta ɗaga hannu. "Yau ba Turanci a ɗakin nan. Da harshen da na yi muku rarrashi kuna tsumma, da shi za a yi magana. Ku zauna."

Suka zauna a ƙasa, manya da su.

"Manaja, na banki ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Malama, na yara ne?"

Malama ta rufe baki da gefen mayafi.

"Lauya, kotu ce?"

"Inna, don Allah ki saurare..."

"Na gama sauraro. Na saurari uku, duk ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Ni na haife ku. Tun ba ku san hannun dama ba nake gane wanda ya sha sukari a cikinku. Yau ni za ku mayar yarinya?"

"Ba haka ba ne, Inna," in ji Manaja.

"To yaya ne?" Auta ya katse shi. "Yaya ne, Yaya? Kun zauna kun yanke hukunci ku kaɗai, kamar mu ba mutane ba ne. Ita mai ciwon ba ta da haƙƙin sani? Jikinta ne ko naku?"

"Auta, zauna," Lauya ta ce. "Don Allah zauna, kar ka tayar da hankalinka."

"Hankalina? Ana maganar ran Inna kina maganar hankalina?"

"Ka zauna dai."

"Ba zan zauna ba!"

Inna ta kama hannunsa ta baya, ya yi shiru yana huci.

"Ku ji nan," ta ce. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban tara ku don in yi faɗa ba, na san tausayi ne ya sa ku. Amma tausayin da zai sa in mutu ban nemi gafarar mutane ba, ba na so. Ina da inda zan je. Ina da abin da zan faɗa wa kowannenku. Zannuwana na ware, suna kan gado. Keken ɗinkina na Malama ne, ita ce ke da haƙurin zama a kansa. Ɗakin nan kuma kar wanda ya tashi Auta daga ciki sai ya samu nasa."

"Inna ki bari," Lauya ta fashe da kuka. "Don girman Allah ki bari."

"Ba zan bari ba. Manaja, ɗago ka dube ni."

Ya ɗago. Idon nan ya kaɗa ya yi ja.

"Me likita ya ce? Saura nawa? Shekara ce ko wata? Faɗa min, zan iya ɗauka. Na binne mahaifinku ban faɗi ba."

Manaja ya juya ya dubi Lauya.

"Yaya, ka faɗa mata," in ji Lauya cikin kuka. "Ba za mu bar ta tana rabon kaya ba. Ka faɗa mata nata."

Manaja ya matso a kan gwiwa har gaban kujerar, ya dafa ƙafarta.

"Inna, ba ki da shi."

"Kar ka fara."

"Wallahi ba ki da shi. Sakamakonki fes yake. Jininki lafiya, hoton ciki lafiya. Hawan jini ne kawai, shi ma ɗan kaɗan. Likita cewa ya yi jikinki ya fi nawa ƙwari."

"Ƙarya ta huɗu ke nan."

"Ba ƙarya ba ce."

"Rantse."

"Na rantse da Wanda raina ke hannunSa, Inna, ba ki da ciwon daji."

Manaja yana da halinsa, amma bai taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba, wannan kowa ya shaida. Inna ta dubi Lauya. Lauya ta gyaɗa kai da sauri, hawaye na zuba.

Auta ne ya fara yin ihu.

"Allahu Akbar! Inna! Kin ji? Kin ji ko?"

Ya zagayo ta gaban kujerar, ya ture Manaja gefe, ya faɗa jikinta ya ƙanƙame ta. Dariya yake, kuka yake, shi kansa bai san wanne ba ne.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe! Wallahi sai kin ga jikokin jikokina! Matar Yaya, sai haƙuri, ba keken ɗinki yau. A mayar da zannuwa akwati, an fasa rabo!"

Inna ta ji daɗi. Ba za a ɓoye ba, ta ji daɗi irin wanda ta manta da shi. Iska ta shiga ƙirjinta har ƙasa. Ashe tana son rayuwar nan haka? Ashe duk dauriyar nan ta baki ce? Ta rungume Autanta tana dariya, tana shafa bayansa.

"Ja'iri, za ka karya ni. Sake ni in yi hamdala."

Sai ta lura su biyu ne kaɗai ke dariya a ɗakin.

Manaja na nan durƙushe inda aka ture shi, kansa a ƙasa. Lauya ta cusa fuska a cikin baƙar rigarta. Malama ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na girgiza.

Wannan ba kukan murna ba ne. Inna ta san kukan murna.

In ba ta da shi, me ya kawo haruffan gidanta? Ba a banki aka samo su ba, ba a aji ba, ba a kotu ba. Daga asibiti Manaja ya shigo da su.

Kuma ba ita kaɗai aka kai asibitin ba.

Hannunta na kan bayan Auta. Ta daina shafawa. A ƙarƙashin rigar aikin nan mai kauri, yatsunta suna jin ƙasusuwan bayansa ɗaya bayan ɗaya, a fili, ba nama a kai. Yaushe yaron nan ya zama haka? A gabanta yake kwana yake tashi, tana can tana lissafin ranta.

Ta ɗago ido ta dubi Manaja ta saman kafaɗar Auta.

Manaja ya dube ta. Ya runtse ido, ya sunkuyar da kai.

Nan Inna ta gane.

Auta ya ɗago yana share hawaye da bayan hannu, har yanzu da dariya a bakinsa.

"Kai, amma kun iya tsorata mutum! Saura kaɗan zuciyata ta buga." Ya juya wajen yayyensa. "To wai tsaya. In ba Inna ba ce, CA ɗin wa kuke ta raɗa a kai? Wani ne a dangi?"

Manaja ya buɗe baki.

"Kar wanda ya amsa masa!"

Muryar Inna ce, amma ita kanta ba ta gane ta ba. Ita da ta tara su don a faɗi gaskiya. Ta damƙe hannun Auta da hannayenta biyu, ta jawo shi jikinta da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba.

"Inna, sake ni mana, kina ji min ciwo."

Ba ta sake ba.

Ya dubi Manaja. Ya dubi Lauya. Ya dubi Malama, wadda ta juyo daga bango. Dariyar ta fara gushewa daga fuskarsa a hankali.

"Yaya..." ya ce. "Me ya sa kowa yake kallona?"